Hannuna ya gaza, inji ya sassaƙa mini, ni kuma na yi shiru

Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne, shekarata 39, ina zaune a jihar Kaduna da matata da yara huɗu. Da bugun sassaƙa nake ci: in zana hoto a kan katako ko lino (wani abin shimfiɗar ɗaki mai ɗan kauri), in kwarzane duk inda ba na son tawada ta hau, in shafe abin da ya rage da tawada, in shimfiɗa takarda in yi ta murzawa da bayan cokali har hoton ya fito. Shekara 16 ke nan ina wannan aiki. Wanda ya koya mini ya manyanta, Baba nake ce masa. Shi ya ba ni ƙarafan sassaƙata na farko, shi ya karɓo mini aure.

Tun bara hannuna na dama yake damuna. Babban yatsa da manuni da na tsakiya sai su sage, cikin dare ciwo ya tashe ni in yi ta yarfe hannu. Ban je asibiti ba, man zafi nake shafawa. Ana cikin haka wata Hajiya mai masaukin baƙi ta ba ni aikin hotuna uku, kowanne kwafi 20, ta biya rabin kuɗi. Na fara na farko na ga ba zan kai ba. Ƙanena yana aiki a shagon masu allunan talla, suna da injin leza mai sassaƙa katako ta hanyar ƙona shi da haske, ya ce in kawo zanen. Abin da zai ci mini mako uku, injin ya gama shi tsakanin azahar da la'asar. Na buga da hannuna, na sa hannu, na kai.

Hajiya ta ji daɗi ƙwarai. A gabana ta ce wa baƙinta, "Duk wannan da wuƙa ya yi shi." Na yi murmushi, ban ce komai ba. Baba kuwa da ya ga kwafi ɗaya, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Layin nan ba ya numfashi," ya miƙo mini. Tun ranar ban sake taka gidansa ba, wata biyu ke nan. Ƙanena yana cewa in daina wahalar da kaina, in ajiye wuƙa mu koma bugun kwamfuta. Saura hotuna biyu, lokaci ya ƙure. Shin na ci amanar sana'ata? In faɗa wa Hajiya ko in bar kaza cikin gashinta? Da wane ido zan dubi Baba?

Mai sassaƙa, jihar Kaduna

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da jiki, sannu kuma da nauyin da ka ɗauka kai kaɗai tsawon watannin nan. Ka yi mini tambaya uku, amma ba ko ɗaya a kan hannunka, alhali daga can komai ya taso. Da shi zan fara.

Yatsun da ka lissafa, da tashin dare, da yarfe hannu don a samu sauƙi, duk sun yi kama da alamun matsewar wata jijiya da ke ratsa wani ƙuntataccen lungu a wuyan hannu kafin ta shiga tafi. Likita ne zai tabbatar, amma ciwo ne sananne ga masu aikin da ke sa a damƙe abu a yi ta maimaita motsi ɗaya: maɗinka, masaƙa, kafintoci, da mu masu sassaƙa. Man zafi fata yake ɗumamawa, ba ya isa inda matsalar take. Idan an tare shi da wuri, sau da yawa takalmin wuyan hannu da ake ɗaurawa a kwana da shi, da hutu, da sauya yadda ake aiki, suna kawo sauƙi sosai. Wani lokaci ana yin allura, in ya yi tsanani akwai ƙaramar tiyata. Idan kuwa aka bar shi ya daɗe, tsokar gindin babban yatsa takan fara zubewa, kuma ita ce dai tsokar da kake riƙe ƙarfen sassaƙa da ita, kake riƙe fensir da ita. Ka ga ashe ko bugun kwamfutar da ƙanenka ke kira ba zai tsira ba in hannun ya lalace. Ka je asibiti cikin makon nan, ka faɗa wa likita sana'arka dalla-dalla, ka kuma nemi a auna maka sukari, domin ciwon sukari yana cikin abubuwan da ke janyo irin wannan.

Kafin sakamako ya fito, duba wurin aikinka. A ganina cokali ya fi wuƙa cin wuyan hannunka. Yi lissafi: kwafi 60, kowanne ka danne bayan cokali ka zagaye takarda lungu-lungu, wuyan hannu a lanƙwashe. Wannan aikin ba shi ne fasaharka ba, ƙarfi ne kawai, kuma ƙarfi ana iya aro shi. Mai walda zai iya haɗa maka injin matsi da ƙarfe mai kauri da jak ɗin mota irin mai kama da kwalba: faranti biyu masu santsi, allon bugu da takarda a tsakani, tsohon bargo a sama, ka ɗaga jak ya matse. Masu bugu da yawa a duniya da irinsa suke aiki. In bai samu nan kusa ba, ka ɗauki yaro ka koya masa murzawa, kai ka tsaya a kan tawada da daidaita takarda. Sai kaifi. Ƙarfen da ya dakushe shi ke sa ka tura da ƙarfin tsiya. Ka ajiye ƙyallen fata kusa da kai, duk bayan ɗan lokaci ka goga bakin ƙarfen a kai, kada ka jira sai ya buƙaci dutsen washi. Ka naɗe ƙotar da robar tayar keke ta yi kauri, don kada yatsu su riƙa damƙewa sosai. Ka kafa ɗan katako a bakin tebur wanda allon zai tokare da shi, hannun hagu ya huta da riƙo. Lino kuwa, tun da Frederick Walton ya ƙirƙiro shi a Ingila a shekarun 1860 don shimfiɗar ɗaki, da busasshen man 'ya'yan wani tsiro da garin katako ake yin sa, shi ya sa yake ƙara tauri in ya tsufa ko in an yi sanyi. Da hunturu ka shanya shi a rana na ɗan lokaci kafin ka fara, za ka ji ƙarfe yana tafiya a cikinsa kamar a sabulu. Idan kuma irin su maɗaci kake sassaƙawa, ka ɗan jingine su, ka nemi katakon obeche mai laushi ko MDF (allon garin katako da aka matse da gam) har hannu ya dawo.

Yanzu ga tambayarka ta farko. A'a, ba ka ci amanar sana'arka ba don inji ya ƙone maka katako. Inda laifi ya shigo wuri ɗaya ne, kuma kai ma ka san shi, tunda ka rubuto shi da kanka: murmushin nan da ka yi lokacin da Hajiya ta ce da wuƙa ka yi. Na fahimci yadda abin ya zo maka. Ga baƙi a tsaye, ga mai gida tana alfahari da kai, ba wanda zai so ya kwance mata zani a kasuwa. Shirun wannan lokacin ina iya yi maka uzuri a kansa. Shirun washegari da na watanni biyun da suka biyo baya shi ne ba shi da uzuri. Hajiya ba hoto kawai ta saya ba, ta sayi labarin yadda aka yi shi, kuma tana ba baƙinta wannan labarin da bakinta. Kullum ta faɗa, kana sa ta faɗin abin da ba haka yake ba ba tare da saninta ba. Ya tabbata a hadisi cewa mai saye da mai sayarwa, idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Rashin barcin da ka ƙara a kan ciwon hannu, ina jin daga nan yake.

Ko ta fuskar sana'a ma, kazar nan ba za ta daɗe cikin gashinta ba. Ma'aikatan shagon sun ga aikin. Baba ya gane da kallo ɗaya. Masaukin baƙi wuri ne da kowa ke shiga, wata rana mai ido zai tsaya gaban hoton ya faɗa mata. In daga bakinka ta ji, magana ce ta mai sana'a da ya yi jinkirin bayani. In daga bakin wani ta ji, sunanka ne zai tafi, har da na hotunan shekara 16 da ka sassaƙa da guminka, domin daga ranar kowa zai fara shakkar su.

Ka je ka same ta ita kaɗai, ba ta waya ba, ba kuma gaban ma'aikatanta ba. Kada ka yi doguwar shimfiɗa. Ka ce mata, "Hajiya, akwai abin da ya kamata in faɗa miki tun ranar da na kawo aiki. Zanen nawa ne, bugun ma da hannuna na yi, amma allon inji ne ya sassaƙa shi, saboda hannuna ya samu matsala. Da kika ce da wuƙa na yi, na ji nauyin gyara miki a gaban baƙi, kuma na yi kuskure da ban dawo na faɗa ba." Sannan ka ajiye mata zaɓi a gabanta tun kafin ta nema: ta riƙe su a rage mata wani abu a kuɗin, ko ka sake sassaƙa allon da hannu in ka warke ka musanya mata, ko ta fasa sauran biyun ka mayar mata da abin da ya rage nata, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ba zan yi maka alkawarin za ta yi dariya ta ce ba komai ba. Tana iya ɓata rai, kuma tana da haƙƙin haka, ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta kada ka katse ta. Amma abin da na sha gani shi ne, masu sayen irin wannan aiki sun fi jin zafin a raina musu hankali fiye da jin cewa an yi amfani da inji. A zaman nan ne kuma za ka nemi ƙarin lokaci a kan sauran biyun, ka gaya mata yadda kake shirin yin su. Daga yanzu, a bayan kowane kwafi ka rubuta da fensir yadda aka yi shi, kusa da lambarsa, ko 7/20 ce (kwafi na 7 cikin 20) ko 15/20: sassaƙar hannu, ko sassaƙar leza da bugun hannu, ko gamin biyun. Layi ɗaya ne, amma ba za ka ƙara tsayawa gaban kowa kana murmushin dole ba.

Sai Baba, wanda na ga shi ya fi tsaya maka a zuciya. Ka sake karanta abin da ya ce. Bai ce kai maha'inci ne ba, bai ce ka fita daga gabansa ba. Magana ya yi a kan layi, kamar yadda ya saba yi maka tun kana koyo. Kai ne ka ɗauki gyaran malami ka mai da shi hukuncin alƙali, saboda abin da kake ɓoyewa. Kuma akwai abin da wasiƙarka ba ta ce ba: shin Baba ya san hannunka na ciwo? Ina kyautata zaton bai sani ba. To duba abin daga inda yake zaune. Yaron da ya tashi a hannunsa ya kawo aiki wanda ba irin nasa ba, ya yi masa gyara da kalma biyar, yaron ya ɗauke ƙafa wata biyu. Dattijo zai iya ɗauka cewa ka samu abin zamani ka ga ba ka da sauran buƙatarsa. Wannan ya fi layin da ba ya numfashi ciwo nesa ba kusa ba.

Sa'an nan gaskiya Baba ya faɗa, kuma yana da kyau ka san dalili. Idan ka tura ƙarfe mai bakin V a cikin katako, layin yakan fara siriri, ya buɗe inda ka danna, ya tsuke inda ka ɗaga. Gefen ramin a karkace yake, shi ya sa siraran layuka suke da gindi mai faɗi da ke riƙe su. A filin da ka share, ƙarfe yakan bar 'yan tudu-tudu da ke ɗaukar tawada kaɗan su bar sawu a takarda, su ne ke sa farin wuri ya zama da rai. Mafi girma kuma, kai ba kwafin zanenka kake yi da wuƙa ba. Kana cikin sassaƙa jijiyar katako za ta ja ka wani gefe ka bi ta, ka fasa wani layi, ka ƙara wani. Rabin hoton a kan allo ake haifar sa. Leza ba ta san wannan ba. Abin da aka ba ta take ƙonewa, zurfi ɗaya, gefe a miƙe, fili fes. Kuskurenka na fasaha shi ne ka ɗauki zanen da ka yi domin wuƙa, wanda ka bar masa gurbin da wuƙa za ta cike, ka miƙa wa abin da ba ya cike gurbi.

Amma batun cewa dole mai zane ya sassaƙa da kansa, wannan tsohuwar muhawara ce, kuma kowane ɓangare yana da manyansa. Albrecht Dürer na Jamus, wanda har yau ake koyar da bugunsa, manyan ayyukansa da dama ƙwararrun masassaƙa ne suka yanka allunansu, shi ya zana. A Japan, hoton nan na babbar igiyar ruwa da Hokusai ya yi wajen 1831, wanda ka sha gani a jikin riguna da bangon waya, Hokusai bai sassaƙa shi ba. Tsarinsu shi ne mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen rub da ciki a kan katako ya yanka ta cikinsa har takardar ta lalace, mai bugu ya buga, mai kasuwa ya sayar. Hannu huɗu, kuma masu saye sun san haka ake yi, ba wanda aka ruɗa. Sai a farkon ƙarni na 20 wasu masu zane na Japan ɗin suka tashi suka ce a'a, mutum ya zana da kansa, ya sassaƙa da kansa, ya buga da kansa, in dai yana so aikin ya zama nasa. Baba ɗan wannan gida ne, kuma gida ne mai daraja. Ban kawo maka tarihin nan don ka je ka kayar da shi a gardama ba. Na kawo ne don ka daina ganin kanka kamar wanda aka kora daga sana'a.

Kusa da kai ma akwai misali. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya wanda aka haifa a 1932, a Zariya ya yi karatu, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya ɓata masa wani farantin bugu, ya cike wurin da ya lalace da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ya ga wani irin tudu da kwari da bai taɓa samu ba. Bai ɓoye ba. Ya bi abin, ya mai da shi hanya, ya raɗa masa suna plastograf, kuma yana cikin abubuwan da duniya ta san shi da su. Tsofaffin allunansa na lino ma bai zubar ba, ya shafe su da launin tagulla suka zama ayyuka masu zaman kansu. Abin da nake so ka ɗauka daga gare shi shi ne raɗa suna. Ya sauya hanya a fili, ya faɗa wa kowa sunanta.

Ga yadda nake ganin za ka fita daga sauran hotuna biyun. Ka raba aikin gida biyu: wahala da hukunci. Share manyan filaye, yanke allo daidai girmansa, huda alamomin da ke daidaita takarda in kana buga launi fiye da ɗaya, duk wahala ce, ka ba inji. Fuska, hannuwa, naɗin rawani, gashin doki, duk inda ido zai sauka, ka ce wa ƙanenka ya bar musu gefe na 'yan milimita kada leza ta kusance su, kai ka ƙarasa da wuƙa, minti 20 ka huta, gwargwadon abin da likita ya yarje maka. Idan hoton mai launi ne, allunan launi su tafi inji, allon baƙi mai ɗauke da layuka ya zauna a hannunka. Inda kuma dole leza ce za ta yi layi, kada ka zana shi a kwamfuta. Ka zana da buroshi ko alƙalamin kara da tawada a kan takarda, da kaurinsa da sirantarsa da inda tawada ta tsinke, a ɗauki hotonsa a ba injin. Numfashin sai ya shiga tun daga zane. Ku tuna da juya hoton kafin a ƙona, musamman in akwai rubutu, boko ko ajami. In allo ya fito, ka goge baƙin ƙunar da tsohon buroshin haƙori, ka shafa masa siririn banish ya bushe, in ba haka ba toka za ta ɓata maka tawada.

Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada ku kuskura ku sa ledar ɗaki ko wata roba mai PVC a cikin injin leza. Da yawa daga abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan lino irin wannan ne. In ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba wanda ke cin huhu, yana kuma cin ƙarfen injin. Ko MDF ma hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne saboda gam ɗin da ke ciki, sai da mazuƙin hayaƙi mai aiki.

Leza ba ita kaɗai ce mafita ba, kuma ba na so ka rataya rayuwarka a kan injin da ba naka ba. Akwai roba mai laushi da ake yi musamman don sassaƙa, wadda ƙarfe ke ratsawa ba tare da an danna ba. Ba ta riƙe layi mai tsananin siranta, kuma matsi mai yawa yana baje ta, amma ga ƙananan ayyuka tana hutar da hannu. Akwai abin da masu yin hatimi suka koma yi bayan sun daɗe suna yankan roba da reza: wani sinadari da ke daskarewa in haske ya taɓa shi. Ana ɗora masa fim ɗin zane, inda haske ya ratsa ya yi tauri, sauran a wanke shi, sai hoto ya tsaya a tudu. Ka zauna da mai hatimi rabin yini, za ka fito da dabarar da za ta yi maka amfani. Wadda na fi so ka gwada kuwa ita ce ka juya tunanin gaba ɗaya: maimakon ka rage, ka ƙara. Ka ɗauki kwali mai kauri, ka manna masa yankakken kwali, zare, ƙyallen saƙi, yashi, busasshen ganye, ka shafe da banish, ka hau da tawada. Almakashi da gam ne kayan aikin, ba turawa, ba dannawa, kuma sawun hannunka zai fito a ko'ina. Masu buga adinkira, yadin gargajiya mai alamomi na Ghana, a Ntonso kusa da Kumasi da ɓallin ƙwarya suke yin hatiminsu, su buga a kan zane ɗaya bayan ɗaya har ya cika. Ƙwarya tana gidan kowa a nan, masu sassaƙa ta ma muna da su. Ƙananan hatimai masu yawa da ake jerawa su haɗa babban hoto sun fi katon allo ɗaya sauƙi ga hannu mai ciwo.

Ƙanenka ya cancanci godiya. Ya ga wansa a matse ya fitar da shi, kuma maganarsa ta bugun kwamfuta daga tausayi ta fito, ba daga raini ba. Sai dai abin da yake kira wata haja ce daban. Hoton da firinta ta fitar ba shi da tudun tawada, ba shi da sawun matsi a bayan takarda, kuma ana iya fitar da dubu gobe. Yana da kasuwarsa: ɗalibai, ofisoshi, wanda yake son aikinka amma ba shi da kuɗin na asali. Ku yi shi in kuna so, ku sayar da araha, ku kira shi da sunansa, kada ka sa masa lambar kwafi irin ta bugun hannu. Zai iya riƙe cefane a watannin da hannu ke jinya. Amma kada ka yanke shawarar ajiye wuƙa har abada a lokacin da kake cikin ciwo da kunya, ka bari sai ka ji ta bakin likita. Tambaya ɗaya kuma da zan yi maka a kansa: mai shagon ya san an yi aikinka da injinsa, an biya shi? In ba haka ba, ku gyara tun yanzu, ku yi ciniki a fili, kada taimakon da yaron ya yi maka ya ja masa rasa aiki.

Uwargida ma ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, har da yiwuwar a mayar da wani abu daga kuɗin Hajiya. Ita ce ke ganin kana tashi cikin dare kana yarfe hannu, ba mamaki ta daɗe tana jiran ka buɗe baki.

Gidan Baba kuwa kada ya wuce Juma'ar nan, ko da ba ka riga ka ga Hajiya ba. Ka je bayan la'asar da ɗan goro ko abin da ka san yana so. Kada ka ɗauki kwafin takarda, allon da leza ta ƙona za ka ɗauka, da zanen hoto na biyu, da ɗaya daga cikin ƙarafan da ya ba ka. Ka gaishe shi, ka nemi gafarar ɗauke ƙafa kafin komai, domin wannan ne haƙƙinsa da ke kanka. Sannan ka buɗe masa tafin hannunka ka nuna masa yatsun da ke sagewa, ka faɗa masa tun yaushe. Mutumin da ya yi shekaru yana tura ƙarfe a katako, da wuya a ce bai san wannan ciwo a jikinsa ko a jikin abokan sana'arsa ba. Yana iya yi maka faɗa a kan ɓoyewar, yana iya cewa har gobe shi bai yarda da inji ba. Ka saurara, ba sai kun daidaita a kan leza a rana ɗaya ba. In ya gama, ka shimfiɗa zanen na biyu a gabansa, ka miƙa masa fensir, ka ce, "Baba, hannuna ba zai iya duka ba. Nuna mini inda ba za a bar wa inji ba."

Ka sake rubuto mini bayan ka ga likita, ina so in ji abin da ya ce game da hannun. Allah Ya ba ka lafiya.